Kafin Malam Tashi Ya Ƙirga Uku

Ka taɓa ganin babban mutum, da furfurarsa da komai, ya tara 'ya'yan mutane a fili yana koya musu yadda ake faɗuwa ƙasa? To akwai shi, kuma kakar wasa ashirin da ɗaya ya yi yana wannan aiki.

Malamin aikin katako ne a wata makarantar sakandare ta maza, can ƙarshen gari inda motar haya ke juyawa, bayan katangar tsohuwar masaƙa. Sunansa na gaskiya yana nan a takardun ofis, amma daga mai gadi har shugaban makaranta ba mai kiransa da shi. Malam Tashi kowa ke cewa. Da safe yana ɗakin koyar da sana'a, tsakanin benci takwas da zarto goma sha huɗu da wani injin yanka da ya mutu tun kafin a haifi ɗaliban. Da yamma sai ya karkaɗe garin katako daga kansa, ya rataya usur a wuya, ya ɗingisa zuwa fili, ya zama kocin zari-ruga.

In ba ka san wasan ba, ga shi a taƙaice. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, mutum goma sha biyar a kowane ɓangare. Rungumar ta ake yi a ruga da ita. Ba a miƙa wa ɗan'uwa ita ta gaba, sai ta baya. Wanda ke riƙe da ita kuwa, an yarda a cafke shi a kayar. Ka kai ta bayan layin abokan karawa ka dangwala ta a ƙasa, ka samu maki biyar. A masaƙa Malam ya koyi wasan, lokacin yana saurayi mai gyaran akwatunan zare, ma'aikata suna da ƙungiyarsu. Shekara goma sha ɗaya ya buga kafin gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Da masaƙar ta rufe, ya zo makarantar nan da jakar kayan aiki da ƙwallo guda. Sandunan gola ma shi ya sassaƙa su da hannunsa, dogaye huɗu, na gicciye biyu, duk shekara ya shafe su da farin fenti.

Tsarinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Sabon yaro ba ya taɓa ƙwallo sai ya iya faɗuwa. Haɓa a ƙirji. Kafaɗa ce ke fara gaisawa da ƙasa. Kada ka kuskura ka tokare da tafin hannu, ta nan ƙashi ke karyewa. Ka mirgina. Sai kuma rabi na biyu na darasin, wanda ya jawo masa sunansa. Yaro na taɓa ƙasa Malam zai buɗe murya: "Ɗaya! Biyu!" Kafin ya ce uku, lallai ne ka miƙe.

"Wanda ke kwance ba ya cikin wasa," haka yake ce musu. "Ka bar 'yan'uwanka goma sha huɗu da aikin mutum goma sha biyar. Ciwo ya jira sai an tashi wasa. Tashi!"

Duk wanda uku ta riske shi a ƙasa, zai saɓa wani gungumen icce da ke gefen fili ya zagaya da shi. Har abin ya zama na alfahari. Za ka ji ƙato da gemunsa, wanda ya bar makarantar tun tuni, yana bugun ƙirji a shagon aski: "Ni ban taɓa jin ukun Malam ba."

Farkon kakar da muke magana a kanta, shugaban makaranta ya kira shi ofis. Fanka na juyawa a sama tana kuka. Kofunan zari-ruga biyu na kan kabad, ɗaya an cika shi da alƙaluman biro da suka ƙare.

"Malam, zauna. Yaya gwiwar?"

"Tana nan, ranka ya daɗe. Ta ce a gaishe ka."

"Hukumar makaranta na son gina zauren jarrabawa. Yara ɗari tara gare mu, rabinsu a baranda suke rubutu. Ka kuma san ba mu da wani fili sai naka."

"Ba nawa ba ne, na yara ne."

"Na yara ashirin da uku. Ni ma na iya lissafi, Malam." Shugaba ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. "Ga abin da na iya samo maka. Muddin muna cikin gasar makarantu, ba za a taɓa filin ba, sun amince da haka. Ranar da aka cire mu daga gasar kuwa, masu gini za su shigo. Ban ce ka ciyo kofi ba. Ka dai kai mu ƙarshen kaka."

Dokokin gasar, Malam ya san su kamar yunwar cikinsa. Wasa takwas ne. Makarantar da ta kasa kammala wasa biyu, an sallame ta. Ƙungiyar da yaranta suka gaza goma sha biyu a fili, alƙali zai busa usur a tashi, a rubuta cewa ba ta kammala ba, kuma ba a aron yaro daga wata makaranta. Malam ya buga lissafinsa: ashirin da uku a cire goma sha biyu, rara goma sha ɗaya. Ya fito daga ofis har da ɗan fito a bakinsa.

Rarar nan ba ta je ko'ina ba. Iyayen 'yan ajin ƙarshe suka janye biyar, wai jarrabawa ta ƙarato. Saura goma sha takwas. Malamin ƙwallon ƙafa ya yi wa biyu mafiya gudu romon baka da sababbin takalma, yana ce musu su rabu da wasan da ko ƙwallonsa ba ta iya gangarawa daidai ba. Saura goma sha shida. Wasan farko aka lallasa su arba'in da huɗu ba ko ɗaya. Na biyu, talatin da takwas da bakwai. Ranar na uku motar makaranta ta mutu a kan gada, yara suka yi ta tura ta har jikinsu ya yi la'asar, suka isa an riga an kwashe tutocin fili. An rubuta musu ɗaya ke nan. Saura ɗaya a sallame su.

Gidan Malam ɗaki biyu ne da falo a saman bene, rabin falon kuma keken ɗinkin matarsa ya cinye. Tela ce, kayan makaranta take ɗinkawa, rigunan ƙungiyar kuwa ita ke yi musu faci tun kakar farko.

"Baban Auta, wannan mai lamba shida, facin ya fi yadin yawa. In na ƙara ɗaya sai dai a kira ta bargo."

"Ƙara mata. Wasa biyar ya rage."

"Kai fa, nawa ya rage maka? Gwiwarka ta fi ka hankali, ita tun yaushe ta ajiye aiki."

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ke yanka lemun da yara ke sha a hutun rabin lokaci. A da dozin take yankawa, yanzu shida na isa har a yi saura. Ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu. "Baba, in aka ci gaba a haka, lemu ɗaya zan ba ka, ka shanye abinka a hanya."

Ya yi dariya don kada ya ba ta kunya, sannan ya koma ya ci gaba da shafa man zafi a gwiwa.

Maganar Auta kamar da bakin mala'iku. Aka yi wa uban wani canjin wurin aiki, suka tashi: goma sha biyar. Wani sabon yaro ya manta darasin farko, ya tokare da tafin hannu, ƙashin kafaɗarsa ya ce ɓas: goma sha huɗu. Uwar abokinsa ta ga hannu a rataye, ta ce nata ɗan ba da shi ba: goma sha uku. Mahaifin wani ya kwanta ciwo, yaron ya koma tsaron shago: goma sha biyu. Wasa na huɗu, na biyar, na shida, na bakwai, duk an ci su, amma duk sun ji usur na ƙarshe da ƙafafunsu a fili. Malam ya daina duba maki. Kawuna yake ƙirgawa, a aji, a layin abinci, a bakin ƙofa. Yaro ya yi atishawa gabansa ya faɗi.

Cikin goma sha biyun nan, uku ne ƙashin bayan ƙungiyar. Akwai Guduma, kyaftin, ɗan ajin ƙarshe ɗaya tilo da ya tsaya, mai wuya kamar turmi, magana kuwa sai ta kama dole. Akwai Rediyo, mai rarraba ƙwallo, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko an danne shi a taɓo. Sai Sauro.

Sauro shi ne mafi ƙanƙanta, ƙafafu kamar sillen kara, rigarsa sai da aka rage ta sau biyu. Amma hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙato zai taho a guje kamar babbar mota, Sauro ya durƙusa ya nutsa ya haɗe masa idon sawu biyu, sai ka ji tim. Shi kuma kafin Malam ya gama cewa "ɗaya" ya riga ya miƙe yana neman na gaba. Ko "biyu" bai taɓa ji ba, balle uku. Maraya ne, yayarsa ke riƙonsa, tana aiki a gidan burodi. Ranar da ta kawo shi fili, da fulawa har gwiwar hannu, ta dubi Malam ido cikin ido.

"Baba, shi kaɗai gare ni. Yadda na ba ka shi, haka za ka dawo min da shi."

"In sha Allahu, 'yata. Har da ƙarin tsoka."

"Tsokar ka riƙe abarka. Shi nake so."

Wasa na takwas a filinsu aka yi. Ruwa ya kwana yana zuba, sama ta ƙi washewa, fili ya zama kunu. A gefen katanga masu awo sun riga sun kafa turaku da jan ƙyalle, wai gwaji ne kawai. Baƙi suka sauko daga motarsu su ashirin da huɗu, jakunkuna iri ɗaya, har da mai riƙe musu ruwa.

Malam ya tara nasa a ƙarƙashin sandunan da ya sassaƙa. "Ku ji ni da kyau. Yau ba cin wasa ya kawo mu ba. Mu goma sha biyu muka shiga, mu goma sha biyu za mu ji usur na ƙarshe. Shi ke nan aikin."

Rediyo ya ɗaga hannu. "Malam, in muka yi kuskure muka ci su fa? Za a hukunta mu?"

"Kai dai rufe wannan tashar ka ajiye numfashi."

Aka tafi hutun rabin lokaci ashirin da shida ba ko ɗaya. Aka sha lemun Auta da taɓo a hannu. Da aka dawo, Guduma ya karɓi ƙwallo kusa da layi, ya sunkuyar da kai, ya ja mutum uku a bayansa kamar jakin da aka yi wa lodi, ya faɗa bayan layi da su duka. Maki biyar. 'Yan kallo ba su fi talatin ba, amma ihun da suka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga rufin masaƙa. Shugaban makaranta ma, da lemarsa, ya manta da kansa ya yi tsalle. Baƙi suka rama, ya zama talatin da uku da biyar. Malam ya dubi agogo. Abin da ya rage bai fi minti goma ba.

Sai ga wani zabgegen yaro daga cikin baƙin ya ɓalle ta tsakiya. Sauro ya durƙusa ya nutsa kamar kullum, amma ƙafarsa ta zame a taɓo, kansa ya shiga ta inda bai kamata ba. Gwiwar yaron ta same shi a gefen kai. Malam ya san wannan ƙara, irin ta guduma ce a kan jiƙaƙƙen katako. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ɗa..."

Sauro ya riga ya miƙe.

Alƙalin wasa ƙwallo yake bi, bai ga komai ba. Malam ya saki ajiyar zuciya. Ya ƙirga: goma sha biyu, duk a tsaye.

Da aka tsaya don a sake jera layi, sai ya ga Sauro ya taka a hankali ya shiga cikin baƙi, ya tsaya a sahunsu yana fuskantar 'yan'uwansa. Rediyo ya je ya janyo shi ta wuyan riga yana dariya. "Kai Sauro, tun ba a tashi ba ka sauya sheƙa? Nawa suka ba ka?" Yara suka kwashe da dariya. Malam bai yi ba. Ƙwallo ta fita waje kusa da shi, ya yafito yaron.

"Zo nan, ɗana. Dube ni. Nawa da nawa ake?"

Sauro ya dube shi, idanun kamar suna kallon wani abu a bayan kansa. "Malam, an fara ne?"

Guduma ya ji. Ya matso, ya rage murya, ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi a kakar nan tsawo. "Malam, don Allah. A kai shi can gefe ya tsaya kawai. Ba zai taɓa kowa ba, mu za mu tare masa. Ɗan lokaci kaɗan ne ya rage. In ya fita mun zama sha ɗaya, shi ke nan an gama da mu."

"Yaron yana tsaye da ƙafafunsa ai, Malam," in ji shugaban makaranta daga ƙarƙashin lema. Bai dubi kowa ba.

Malam ya dubi turakun nan masu jan ƙyalle. Ya dubi sandunansa. Kaka ashirin da ɗaya a gefe guda, 'yan mintoci a gefe guda. Ya kama kafaɗar Sauro.

"Je ka can bakin layi ka tsaya. Kada ka taɓa kowa. Ka ji ni? Ko wa ya zo, ka ba shi hanya."

"To, Malam."

Aka ci gaba. Ƙwallo ta fito hannun baƙi, ta bi sahu, daga wannan zuwa wancan, tana gangarowa gefen da Sauro yake, domin su ma ba makafi ba ne, sun ga inda katanga ta yi rauni. Guduma na can tsakiya an danne shi. Ta isa hannun na ƙarshe, dogo mai sauri, ya miƙe hanya. Malam ya dubi Sauro. Yaron da bai san an fara wasa ba, bai san nawa ake ci ba, ga shi yana lanƙwasa gwiwa, yana sauke kafaɗa, yana auna idon sawun mai tahowa. Kai ya manta, jiki bai manta ba. Shekara uku Malam ya yi yana dasa wannan abu a jikin nan, umarnin minti ɗaya ba zai tumɓuke shi ba.

Ba wanda ya taɓa ganin Malam Tashi yana gudu. Ran nan aka gani. Ya tsallaka farin layi da gwiwarsa mai ciwo, ya faɗa fili, ya rungume Sauro ta baya ya juya da shi, ya ba mai tahowa bayansa. Dogon yaron ya kauce da kyar, ya wuce ya dangwala ƙwallo, ba wanda ya ko dube shi. Usur ya tashi.

"Malam, lafiya? Me ya shigo da kai fili?" in ji alƙali.

"Yaron nan ya bugu a kai. Na fitar da shi."

Alƙali ya waiga ya ƙirga da ido. Tsohon ɗan wasa ne, ya san labarin filin. Ya matso kusa. "Ka san in ya fita saura sha ɗaya?"

"Na iya ƙirga."

Sauro ya fara fizge-fizge a hannunsa, yana kuka. "Na tashi fa, Malam! Wallahi na tashi! Ban ji uku ba! Ku faɗa masa, ban ji uku ba!"

"Na sani, ɗana. Ba ka ji ba."

Alƙali ya busa dogon usur sau uku. Kafin ƙararsa ta mutu, Sauro ya sunkuya ya yi amai a kan takalman Malam.

A motar shugaban makaranta aka kai shi asibiti. Likita ta haska idanunsa, ta yi masa tambayoyi, ta ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, za a kwantar da shi a sa masa ido, wasa kuma ya manta da shi sai abin da hali ya yi. Yayarsa ta iso a guje, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ta shiga ta gan shi, ta daɗe, sannan ta fito baranda inda Malam ke zaune da taɓo har cinya.

"Baba, an ce kai ka shiga ka fitar da shi."

"Ni ne."

"Yana buguwa ka fitar da shi?"

Malam ya dubi hannuwansa. "A'a. Na mayar da shi fili tukuna. Daga baya na shiga."

Ta ƙura masa ido. Ba ta zage shi ba, ba ta gode masa ba. Ta juya ta koma ciki ta ja labule.

Hukumar gasa ta sallame su kamar yadda doka ta ce. Masu gini suka zo da motar yashi. Shugaban makaranta ya sake kiran Malam, wannan karon bai tambayi gwiwa ba.

"Sandunan nan, Malam. Masu gini sun ce za su ture su da mota. Na ce a bari, wanda ya kafa su ya fi sanin yadda za a sauke su. Katakon kuma kada ya lalace, zaure zai buƙaci benci."

Malam ya ɗauki zarto ɗaya daga cikin goma sha huɗun. Rediyo da wasu biyar suka zo suka riƙe masa igiya, kuma ran nan ko Rediyo bai ce uffan ba. Guduma bai zo ba. Har ya rubuta jarrabawarsa ya bar makarantar, in ya hango Malam sai ya sauya hanya. Sanduna shida suka ba da benci huɗu, masu kyau kuwa, domin Malam bai iya aikin banza ba. Suna nan a zauren, layin gaba. In ka leƙa ƙarƙashinsu za ka ga sauran farin fenti.

A gida ya ce wa matarsa ta yayyanka rigunan a yi tsumman goge benci.

"Ban tsiyayar da idona a kan facin nan don a goge ƙura da shi ba," in ji ta. Ta wanke su, ta ninke, ta cusa a buhu ƙarƙashin keken ɗinki. Auta ta daina tsokanarsa da maganar lemu. Usur ɗin ma ya koma aljihun tebur, cikin ƙusoshi.

Sauro ya sha ciwon kai na makonni, haske na damunsa, karatu na yi masa nauyi. A hankali ya warware ya dawo aji. Yayarsa ta ce ko ƙwallon tsumma ta ga ya taɓa, ita da shi ne. Bai saɓa mata ba. Har yau in Malam ya shiga gidan burodin, takan miƙa masa burodinsa ta ce a gaida gida, iyakarta ke nan.

Ƙungiya dai babu, fili babu. Abin da ya rage shi ne tulin garin katako a bayan ɗakin sana'a. 'Yan aji ɗaya ne suka fara zuwa lokacin hutun tara, su bakwai, sun ji labarin wani malami mai koyar da faɗuwa, suna so su gani. Malam ya kore su sau biyu. A na uku ya ajiye abin fiƙe katako ya fito.

Darasin farko bai sauya ba. Haɓa a ƙirji, kafaɗa ta fara sauka, ban da tafin hannu, a mirgina. Rabi na biyu ne ya zama wani abu dabam. Yanzu in yaro ya faɗi, Malam yakan durƙusa kusa da shi da gwiwarsa mai lafiya, ya ɗora masa hannu a ƙirji.

"Kwanta tukuna. Wa sunanka? Yau wace rana? Ina ke maka ciwo?"

Sai ka amsa duka uku za a bar ka ka miƙe. Abin mamaki, wannan ya fi wa yara wuya. Faɗuwa suna koyon ta nan da nan. Kwanciyar ce ba sa iyawa, abokai na tsaye a kansu suna dariya, kunya na mintsininsu, sai ka ga yaro ya zabura tun bai faɗi sunansa ba. Shi kansa Malam bai gama koya ba. Wani lokaci yaro na taɓa ƙasa bakinsa zai buɗe: "Ɗa..." sai ya haɗiye sauran, ya yi kamar tari ne ya sarƙe shi. Sauro, wanda kan zo ya zauna a kan gungumen iccen nan da aka gangaro da shi daga fili, yakan ce, "Malam, saura kaɗan."

"Rufe min baki, ko in sa ka zagaya da abin da kake zaune a kai."

"Zagaya ina, Malam? Ai an gine."

Malam yakan juya ya ce na gaba ya matso.

Kai mai karatu, don Allah ka gwada abin nan ko sau ɗaya. Nemi wuri mai laushi, yashi ko katifa a tsakar ɗaki, ka kira mutanen gidanku su tsaya su kalle ka. Haɓa a ƙirji, kafaɗa ta fara sauka, kada ka tokare da hannu, ka mirgina. Sannan kada ka tashi. Faɗi sunanka, faɗi ranar, ka bi jikinka gaɓa gaɓa ka ji inda ke ciwo, suna kallo suna dariya. Ka ƙirga ka gani, numfashi nawa za ka iya yi a ƙasa kafin ka zabura.